Kalma Tara

Ranar da aka miƙo min ke a asibitin Garwa
kina da wata bakwai, da jan zare a ƙugu,
da sunan da harshena ya kasa murɗawa.
Maƙwabta suka ce a sauya.
Na yanka rago, na ce Hasiya,
amma ban kwance zaren ba.

Yau kin dawo daga makaranta ido a kumbure:
wai Dije ta ce kin fi gawayi,
wai tsayinki ba na gidan nan ba ne.
Rabin gaskiya ta faɗa.

Shi ya sa duk Lahadi nake tsallaka gadar Binuwai
wurin Maidangwe mai busasshen kifi,
in sayi na sefa ɗari biyu,
ta yi min gyara da kalma ɗaya ta Tupuri.
Ruwa. Dawa. Saniya. Zo nan.
Tana dariyar bakina har da hawaye.

Tara na tara.
Ta goma ita ce uwa.
Na ce ta ajiye tukuna,
wannan makon tare za mu je,
ki karɓa da bakinki,
ki ga wa za ki kira da ita.