Mai Gadin Sanyi

Ƙarfe biyun dare a Ikeja,
ruwan Yuni na dukan kwano.
Daga ni sai littafin awo da tocila,
sai tukwanen ƙarfe uku, kowace ta ninka ni tsawo.
Na rubuta: ɗari da casa'in da shida ƙasa da sifili.
Jiya haka. Shekaranjiya haka.
A gidan nan, labari mai daɗi shi ne babu labari.

In an ɗauke wuta unguwa ta ɗau tsaki,
janareto su tashi kamar an taɓa gidan rina.
Tukwanen ko a jikinsu.
Ba wuta suke ci ba, naitirojin suke sha,
duk Talata tanka ta kawo daga Apapa
in cunkoso ya sake ta.
Ina buɗe famfo, farin hayaƙi ya kwanta a ƙasa,
ya zagaye ƙafafuna kamar kyanwa.

Ta farko ƙodar zomaye ce a ciki.
Likita Morenike shekara huɗu tana fama da su:
a janye jini, a ɗura magani,
a sanyaya har nama ya koma gilashi,
don ƙanƙara, in ji ta, wuƙa ce mai yanka daga ciki.
Daskarewa ba wuya. Dawowar ce aiki.
Watan jiya ta ɗumama goma sha biyu,
sha ɗaya suka tsage,
ɗaya ta yi fitsari, ɗigo bakwai a gindin kwalba.
Ranar ta saya mana shinkafa da kaza,
har mai shara ta runguma.
Ban taɓa cin walimar fitsari ba sai a Ikko.

Ta biyu ba kowa. Jira take.

Ta uku Baba Oyelaran ne,
attajirin katako na Ebute Meta,
kai a ƙasa, ƙafa a sama,
shekara biyu ke nan da wata biyar.
Ba a ce masa mamaci a nan, majiyyaci ake cewa.
Matarsa kan zo ran Alhamis,
ta zauna a kujerar roba,
ta ba ƙarfe labarin jikoki da tsadar gari.
Rannan ta juyo da Hausarta ta kasuwa:
"Malam Tanimu, ni da miji nake, ko takaba zan shiga?"
Na tsura wa agogon awo ido
kamar amsar tana can.

Ubana goro ya sayar a Agege, shekara arba'in.
Ya san ajiya: ɗanyen ganye, huhu, yayyafi,
a kwance duk mako a tsince mai tsutsa.
Yakan ce rai dangin goro ne, ban ruwa yake so,
sai ya ƙara da nasa:
amma ba huhun da ya fi ƙarfin shekara.
Da hantsi ya cika.
Kafin la'asar mun dawo,
jar ƙasa a farcena, furarsa a kwano ba a sha ba.
Na daɗe ina jin haushin saurin.
Yanzu in na kalli matar nan
ban san wa aka fi tausaya wa ba,
ni ko ita.

Liman ya ce: kuɗin gadi kake ci, sauran ba kayanka ba ne.
Likita ta ce: ba mu yi wa kowa alkawari ba,
ƙafa kawai muka sa a bakin ƙofa.
Ni dai ina tsakiya, da biro.

In dare ya raba, naitirojin na tafasa a hankali,
sai ka ji kamar numfashi.
Ba numfashi ba ne. Na sani.
Duk da haka nakan yi sallama kafin in shiga.

Ga ladan can daga wajen Alausa,
'yan danfo sun fara kiran Oshodi.
Na hura hannuna, na ja littafi:
ɗari da casa'in da shida.