Littafin Bashin Ilu Mai Shayi

A Fagge, bayan tsohuwar silima,
inda kwata ta ratsa layin masu faci,
nan Ilu ya kafa tebur da benci biyu
da tukunyar da ba ta huce ba shekara talatin.
Babu allon suna a ƙofa. Babu ma ƙofar.
Hayaƙin gawayi ke shelar an buɗe.

Barau ke fara zuwa, fenti har gwiwar hannu,
shi ya zana zaki a bayan kowace babbar mota
da ke kai albasa kudu.
Bai taɓa ganin zaki ba,
kyanwar maƙwabta yake ƙura wa ido
ya ƙara mata geza da fushi.

Sai Malam Cindo, mai baiti a kwalin sukari,
yana auna waƙa da cokali a bakin kofi.
In baiti ya karye masa
sai ya ce shayin ne ya yi sanyi.
Jatau na gefe da wasan rediyo,
hannu ɗaya na kashe mutum a takarda,
ɗayan na tsoma burodi.
Duk wanda ya ɓata masa rai a benci,
ran Laraba zai ji sunansa a kan ɓarawon akuya.

Ladidi ba ta zama.
Daga bakin kotu take biyowa, tafireta a ka,
ta miƙo kofin silba a cika mata,
ta ce, "Malam, na buga maka,
amma baiti na tara ba daga zuciyarka ya fito ba."
Kwana uku Cindo bai ce uffan ba.
Ran na huɗu ya gyara.

Ni ne auta, ina ɗauraye kofuna don a bar ni in saurara.
Wata rana na ce ni ma zan yi littafi.
Aka kwashe da dariya, aka ƙara mini sukari.
Ilu ya ja shayi daga sama, kofi zuwa kofi,
jan zare da ba ya tsinkewa,
ya lashi fensir, ya rubuta wani abu da ajami.

Jiya na koma.
Silima ta zama sito.
Gurbin tebur shagon cajin waya ne,
wayoyi jere kamar kifi a faranti, kowace da jan ido.
Yaron ciki, Sagiru, jikan Ilu ne.
Ya ce 'yan jami'a kan zo da tambaya,
ina Cindo yake zama?
Sai ya nuna musu inda janareta take.

Ya ciro littafin daga leda,
bangonsa ya sha maiƙo, gefensa ya sha ɓera.
Zakunan Barau sun yi tsatsa a Ƙofar Ruwa,
gara ta haddace kwalayen Cindo,
an ɗora wa'azi a kan kaset ɗin Jatau.
Wannan ne kaɗai littafin da ya tara mu,
kowa da shafinsa, kowa da nauyinsa.
Na nemi Ladidi ban gan ta ba.
Ita kullum biya take.

Can ƙasa na tsinci kaina:
"Yaro mai littafi, sule uku.
Zai biya in ya buga."

Na zaro dubu ɗaya, hannuna na rawa.
Sagiru ya ce, "Baba, ba mu da canjin sule.
Kuma kaka ya sa sharaɗi. Ka buga?"
Na dubi furfurata a gilashin shagonsa.
Na ce tukuna.
Ya mai da littafin leda, ya ƙulle.

A bakin titi na sayi shayi a kofin roba,
ya yi zaƙi da yawa, ba a ja shi ba.
Na ce wa mai shayin,
in kwalin sukarin nan ya ƙare,
kada ya yar.