Ramukan Leɓen Mesa

Shekarar da ruwa ya ci gonakin Miga,
ya kwanta a fadama har bayan kaka,
mesa ta biyo kwari ta shigo gari.
Ba wanda ya gan ta.
Da asuba dai Inna Tabawa ta ɗaga murfin akurki,
ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
babu wake-waken kazarta mai kwanci.
Ƙwai tara na nan a jere,
sun yi sanyi kamar tsakuwar rafi.

Daren nan ba farin wata,
taurarin ma hadari ya haɗiye su.
Na tambayi kowa a gidan,
da wane ido ta gani?
Aka ce in rufe baki, ba a kiran sunanta da safe.

Kwana uku sai ga Cindo gardi,
da warkinsa da jakar fata mai warin magani.
Ya tone surin da ke bayan rumbunmu,
ya zaro ta gaɓa-gaɓa kamar mai jan guga,
cikinta ya yi tozo a inda kazarmu take.
Mata suka watse, zakara ya haye danga.
Ya damƙe wuyanta ya yafito ni:
“Matso, ɗan Tabawa, wannan ba ta da dafi.
Duba nan.”

A gefen leɓenta na ga ramuka a jere,
ƙanana, kamar gurbin dara da aka tona da tsinke.

“Ba hanci ba ne,” in ji shi.
“Da nan take jin ɗumi.
Duk mai jini fitila ne a wurinta.
Ɓera a cikin dawa garwashi ne mai ƙafa huɗu.
Kazarku kuwa da ke kan ƙwai,
murhu ce aka bari ba a kashe ba.”

Ya naɗe ta a buhu ya saɓa,
Inna ta ba shi tiya guda ta gero, ba ta ce komai ba.

Daren nan ban runtsa ba.
Na shige bargo har ka,
na riƙe numfashi, na hana yatsa motsi.
Murya tana ɓoyuwa, inuwa ma tana ɓoyuwa,
to ina zan kai zafin jikina?
Ashe tun da aka haife ni a kunne nake,
ban sani ba.

Can tsakar dare na ji tabarma ta motsa.
Zuciyata ta faɗi.
Wani abu na tafe a hankali cikin duhu,
yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, mu shida.
Ya zo kaina ya ɗan tsaya, ya wuce.
Inna ce.
Kananzir ya ƙare tun ran kasuwa,
ba aci-balbal, ba ashana,
bayan hannunta kawai take shawagi da shi bisa goshinmu.
A kan Nomau ta tsaya.
“Wannan ne,” ta ce da kanta.
Bai yi tari ba, bai yi nishi ba,
sai da gari ya waye zazzaɓin ya nuna fuska,
ya tarar ta riga ta dafa tazargade.

Na daɗe ina leƙen hannun nan nata
in tana tankaɗe ko tana tsinke zogale,
ina neman ramuka.
Ban ga komai ba sai kanta da tabon wuta.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan.
Cindo ya rasu, surin ya zama fegin wani.
Bara da damina ni ne a bakin gadonta,
wuta ta ɗauke, batirin tocila ya mutu.
Na miƙa bayan hannuna yadda na ga tana yi,
na bi matashi, na bi kallabi,
na sauka a goshi.

Na jira.
Na juya tafin, na sake jira.

A waje kwaɗi na ta kuka a fadama,
ni kuwa ƙwai tara nake tunawa.