Jarka ta Huɗu

Likitar ba ta fara da Nazifi ba.
Ta miƙa masa takarda da fensir, ta ce zana mini gidanku,
sannan ta juyo da kujerarta gare mu,
ni da Umma da Baba,
kamar mu ne muka kwana da zazzaɓin.

Wa ke saya masa sabulu?
Umma ta murza bakin mayafinta.
Sanda uku a mako, in ji ta,
cikin kuɗin cefane nake cusa shi
don kada malam ya gane.
Baba ya ce, tun bara na gane.

Wa ke ƙirga masa?
Ni ce.
Bakwai a dama, bakwai a hagu,
in ƙuda ya gifta a koma farko.
Nakan tsaya bakin rariya da buta,
ina cewa ya fita, wallahi ya fita,
har a tada sallah a masallacin layinmu,
har a sallame, muna nan.
Bulalar makara da na sha a makaranta
ban taɓa faɗa wa kowa dalilinta ba.

A Kurna mai garuwa ya san gidanmu.
Maƙwabta jarka biyu, mu huɗu,
kuma ta huɗun ba ta shiga tukunya,
ba ta wanke kwano,
bayan hannun yaro ɗan shekara tara take bi
ta ratsa fatar da ta tsage kamar ƙasar fadama da rani.

Sai ta dubi Baba.
Yaushe rabonka da taɓa shi?
Baba ya buɗe tafukansa a kan gwiwa,
baƙin man Ƙofar Ruwa kwance a ƙarƙashin farce,
shekara ashirin na kwance injin mutane.
Na mare shi sau ɗaya, ya ce,
na ɗauka iskanci ne.
Ya goge kuncin da soso har ya fid da jini.
Tun ranar a zaure nake cin tuwona.
Ban san Baba ya iya magana a hankali haka ba.

Gwaggo Lantana ta taɓa kawo ruwan tofi daga Gwale.
Bai ƙi addu'ar ba,
kofin ya ƙi.

Likitar ba ta ce laifin wane ne ba.
Cewa ta yi waswasi baƙo ne mai ciki,
kowa a gidan nan ya ɗiba masa daga kwanonsa,
wani don tausayi, wani don a samu barci,
wani da fushi, shi ma loma ce.
Ba a rana ɗaya za ku sallame shi ba.
Ku fara rage masa malmala.

Nazifi ya kawo zanensa.
Ga famfo ya fi ƙofar gida tsawo.
Ga ni, ga Umma, ba mu da hannaye.
Baba kaɗai ke da su,
an cika su da fensir har takardar ta kusa hujewa,
ga kuma wani ɗan mutum dab da shi,
tsakaninsu bai kai faɗin tsinke ba.

A adaidaita sahu babu wanda ya ce uffan
har muka sauka.

Da asuba ya ce, Yaya Zinatu, ya fita?
Na ce ya fita.
Ya sake tambaya.
Na ce na riga na amsa maka, Nazifi.
Ya yi kuka irin wanda ke murɗa hanji,
kalmar tana bakina, 'yar ƙarama, kyauta ce,
na cije ta.
Baba na tsaye a bakin zaure, bai shigo ba,
bai kuma fita ba.

Da hantsi mai garuwa ya ƙwanƙwasa.
Umma ta ce uku yau.
Ta bi kurarsa da ido har kwana,
kuɗin ta huɗun na dunƙule a hannunta.