Garwashi Ƙarƙashin Toka

A hamadar Namib, bakin rijiyar da ta ƙafe,
Vetjaera na zaune da awaki bakwai.
Kurɓi biyu ya rage a goranta.

Ga wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa
ya lafe a inuwar dutse, baki buɗe,
maƙogwaro na kaɗawa kamar mafici.
Bai ja da rana ba.
Ya bar jikinsa ya ɗau zafi, ya ƙara ɗauka,
don kada ya sayi sanyi da ruwan jikinsa.
Murhun cikinsa ya zare wa itace.

Ɗanta Tjeripo, da ya dawo daga kurmin Kwango,
ya ce tsuntsayen can ma ba sa gaggawa:
ƙwai biyu, numfashi a hankali,
sai shekaru su yi ta zuwa.

Da hantsi ta ga wani uban tsuntsu
ya sauko daga nesa, gashin ƙirjinsa sharkaf,
'ya'ya suka kafa baki suna tsotsa.

Ta jijjiga goran, ta saurara,
ta mayar da marfi.
Akuyar nan mai karyayyen ƙaho na kallonta.