Tagwayen Gatarin Baya

Lahadi ce, kasuwar Pitowa ta cika ta batse,
ina tafe da albasa buhu ɗari uku daga Marwa,
mai siminti daga Figil ya zo wuce ni, hanya ta ƙi shi,
ya goge ni ta hagu kamar mai wasa wuƙa a dutse.
Ba a rasa rai ba, mun gode Allah.
Taya ɗaya ce ta fashe, ta waje,
cikin tagwayen gatarin baya.

Jandarma ya auna, ya rubuta, ya buga hatimi.

Kwana tara ina zarya ofishin inshora a Garwa,
inda sanyin na'ura ke cizon gwiwa.
Ran na goma Musye Jonwe ya buɗe fayil,
ya lashi yatsa, ya juya takarda,
ya ce: Malam Mairiga, ɗaya ta fashe, ɗaya za mu biya,
mu cire kashi arba'in, kuɗin tsufa.
Akwai wata a shagonmu, ba irin taka ba ce,
amma baƙa ce, kuma tana gangarawa.

Na ce: Musye, ka taɓa ɗaura karkiya
wa bijimi da maraƙi, ka ce su yi huɗa?
Tun Ngaundere na saye su rana guda,
kamfani ɗaya, zane ɗaya, lamba ɗaya,
tare suka hau dutsen Mbe, tare suka sauka,
tare suka suɗe.
Ka sa sabuwa gefen tsohuwa, sabuwar ta fi tsayi,
ita kaɗai za ta ɗauki albasa,
ta yi zafi, ta kumbura,
ta fashe mini a kan gadar Binuwai.
Ran nan wa za ka biya, ni ko marayuna?

Ya ce: takarda ta san abin da karo ya taɓa,
ba ta san zumuncin roba ba.

Na je Yelwa na ɗauko Gambo mai faci,
hannunsa baƙi har wuyan hannu.
Ya tsoma tsinken ashana a haƙoran tsohuwar,
ya tsoma a na sabuwar,
ya ajiye tsinke biyu a teburin gilashi,
ɗaya ya nutse rabi, ɗaya da ƙyar ya jiƙa kai.
Musye ya daɗe yana kallonsu.
Na ga idonsa ya yarda.
Bakinsa kuwa na Duwala ne,
ya ce sai manya sun amsa wasiƙa.

Albasa ba ta jiran wasiƙa.
Ta fara tsiro a buhu, ta fara wari,
Alhaji Tanko na kira, wayata har ta yi zafi.
Na karɓi kashi sittin ɗinsu, na sa hannu,
na sayar da ɗan filina na bayan Kolere,
wanda na ce ɗakin tsufana ne,
na sayi biyu, iri ɗaya, masu ƙamshin kanti.

Fasasshiyar da 'yar uwarta ban yar ba.
Na kai wa baduku a bakin tasha,
na ce ya yanka mini takalma, lamba arba'in da uku,
na dama daga gefe mai kauri,
na hagu daga inda ta suɗe kamar tafin hannu.
Yaron motata, Ɗanliti, ya kai su ofis a leda
da gaisuwa mai kyau, ba zagi.

Jiya na hango Musye a bakin banki,
sanye da takalmansa na fata, masu sheƙi, ƙafa biyu daidai.
Ya ɗaga mini hannu, ya yi 'yar dariya,
ya ce har yanzu Duwala ba ta amsa ba.
Na danna masa ham sau biyu,
na sa giya, na nufi kudu.