Mai Jan Kunne a Gangare

Ruwan Jos na dukan kwano tun isha'i,
ke kuwa Kubura, wata bakwai a duniya,
kin kama kunnenki na hagu kina murzawa
kamar mai laluben tasha a rediyo.

Uwarki ta ce ciwo ne.
Kakarki ta ce haƙori ke tafe,
ta sa yatsa ta shafa dasashi.
Maman Nanret ta leƙo ta katanga:
"Nawa ma ya yi, barci ne kawai."

Da safe, asibitin Filato.
Likita ya haska, ya leƙa, ya murmusa:
ba mugunya, ba zazzaɓi,
yarinya ce ta gano tana da kunne.
"In jiki ya yi zafi, ku dawo."

Daren nan kin saki naki kin damƙi nawa.
Ni da na shekara ashirin
ina ja wa 'yan aji kunne,
ga ni kwance, wuya ya ƙage,
ko tari na kasa yi don kar ki farka.

An ce kunne ya girmi kaka.
Nawa dai a hannun jaririya ya kwana.